Likita ya ce a canza wa Baba abinci, to me zan dafa?

Maman Biyu (Garwa)
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don kaina ya ɗaure. Makon jiya Babanmu ya tashi da ciwon kai da jiri, har ya kasa fita sallar asuba. Muka kai shi asibiti, aka auna tansiyo, wato awon hawan jini, aka samu 17/10. Aka ce ya dawo washegari bai karya ba, aka auna suga aka samu 1,40. Likita ya rubuta magani, ya ce a rage masa gishiri da suga da mai, mu koma bayan wata ɗaya. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ga layi a bayanmu, ban samu bakin tambaya ba.

Tun da muka dawo kowa ya zama likita. Maƙwabciyata ta ce sai tuffa da man zaitun da hatsin gwangwani na kanti. Wani ya zo har zaure da kwalaben ƙwayoyi wai na wanke jini, jaka 25 na wata guda. Ni ɗinki nake yi, mu goma sha ɗaya ne a gidan, tukunya ɗaya. Baba kuwa da safe shayi da burodi da fanke, da rana shinkafa, da dare tuwo. Don Allah me zan dafa wa bawan Allahn nan?

Kawu Mai Goro (Ngaundere)
Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba shi lafiya. Ni shekarata 64, kuma na ga kakana ya haura 90 yana zuwa gona da ƙafarsa. Tuwon dawa, miyar kuka, fura da nono, shi ke nan. Bai san wani tansiyo ba. Duk cututtukan nan abincin zamani ne ya kawo su. Ki ajiye ƙwayoyin likitan nan, in ya saba da su ya zama bawansu har kabari. Ki dafa masa zogale ya sha ruwan safe da yamma, ki haɗa da zoɓo. Mako biyu ki ba ni labari.

Anti Nas (Marwa)
Kawu, da girmanka, amma wannan maganar ta ajiye magani ba zan bari ta wuce ba. Maman Biyu, kada ki daina ba shi ƙwayoyin da likita ya rubuta. Daga 14/9 ake cewa jini ya hau, Baba yana 17/10. Mutumin da ke wannan matsayi, ga suga kuma, shi ne ake wayar gari ɓarin jikinsa ya shanye. Shekara 19 ina aiki a asibiti, na ga irinsu da yawa an kawo su a bayan mota, in ka tambaya a ce ai ya ji sauƙi ne ya daina sha. Hawan jini ba ya ciwo kullum, shi ya sa yake yaudarar mutane.

Batun suga, in mutum bai karya ba aka samu 1,26 ko sama, aka sake aunawa wata rana aka sake samun haka, to ciwon suga ne. Ki tabbata an maimaita awon.

Shi kuma mai kwalaben jaka 25, ki ce masa Allah ya kawo kasuwa. Hanta da ƙoda ne ke tace jini, kuma kyauta suke yi.

Kawu Mai Goro (Ngaundere)
To Anti Nas, kakan nawa fa? Ƙarya na yi?

Malamin Gona (Gidar)
Ba ƙarya ka yi ba Kawu, sai dai rabin labarin ka ba mu. Kakanka da ƙafa yake zuwa gona, ya yi huɗa har azahar, ya dawo da ƙafa. Mu kuwa ko masallacin Juma'a sai mun hau mashin. Sannan ka tuna sa'o'insa nawa suka faɗi a gona aka ce iska ta buge su, ko aka ce jifa ne? Babu mai awo a lokacin. Wanda ya kai 90 shi ake tunawa.

Amma ta fuskar hatsi ina tare da kai. Farar shinkafar da ake kawowa ta Duwala an goge ta tas, ba dusa ba komai, tana shiga ciki ta narke ta zama suga nan da nan. Burodi ma haka. Dawa da gero da masakwa, in ba a surfe su har sun yi fari fat ba, suna riƙe da dusarsu, ita ke sa abinci ya daɗe a ciki, suga ya hau a hankali. Abin da ke ba ni haushi, mu ne masu karal, ƙasar lakar da ake noma masakwa, daga Marwa zuwa Kusiri masakwa ce ko'ina da rani, amma yanzu in ka ba baƙo tuwon dawa sai a ce ka raina shi. Matanmu kuma gasa suke yi ta farin tuwo, a surfa a wanke a sake surfawa, a ba tumaki dusar. Tumakin nan da ƙiba suke gode mana.

Anti Nas (Marwa)
Malam ya yi gaskiya, da ƙari ɗaya. Tuwon dawa ma yana ɗaga suga in aka ci malmala uku. Kada a ce tunda dawa ce a sake masa akushi. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima: malmala ɗaya kamar dunƙulen hannunsa, miya kuwa ta fi tuwon yawa. Mu mun saba tuwo dutse, miya shafa. A juya lissafin.

Maman Biyu (Garwa)
Na gode ƙwarai. To gishirin fa? Jiya na yi masa miya daban ba gishiri ko kaɗan, magi kawai na sa. Ya ɗanɗana ya ture kwanon, ya ce ko a gidan makoki ba a ba shi irin wannan ba.

Anti Nas (Marwa)
Ƙanwata, kin kori gishiri ta ƙofa ya dawo ta taga. Kusan rabin kowane dunƙulen magi gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 a yini, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan ya haɗa da na cikin burodi, da yajin tsire, da kilishi, da kifin gwangwani, ba wanda kika barbaɗa da hannunki kaɗai ba. Dunƙule nawa kike sa wa a tukunyar gida?

Maman Biyu (Garwa)
Shida. Wani lokaci bakwai, sai garin ɗanɗano na leda kaɗan. Kada ku yi mini dariya.

Hajiya Mai Abinci (Tashar Garwa)
Babu mai yi miki dariya 'yar nan, ni a tukunyar sayarwa ban ma ƙirgawa. Anti Nas, ku a asibiti faɗa ba wuya. Ni in na rage magi yau, gobe direbobi sun koma rumfar da ke kusa da ni. Bakin mutane ya riga ya lalace.

Amma a gida dabara ta daban nake yi, tun da maigida ya kamu shekara huɗu da suka wuce. Kada ki yi masa tukunya daban, wannan ita ce babbar shawarata. Dattijo in ya ga an ware shi sai zuciyarsa ta karye, ya koma cin tsire a waje a ɓoye. Ki rage wa kowa gaba ɗaya, a hankali. Wannan makon biyar, mako na gaba huɗu, har ki kai biyu. Gurbin ki cike da daddawa, ta kalwa ko ta batso, wadda Fulani ke kira mbuja. Ki daka busasshen kifi da ƙashinsa ki zuba, albasa da yawa, ga ta nan banza a Marwa da Garwa, tafarnuwa, citta, ɗan kimba. Ki soya albasar ta yi ja kafin ki tsaida ruwa. Wallahi bayan wata ɗaya yarana da kansu suka ce abincin gidan biki gishiri ya yi masa yawa. Harshe yana koyo. Sai dai ki tambayi mai daddawar, wasu suna cika mata gishiri don kada ta lalace.

Goggo Ta Kusiri
Ku da kuke maganar gishiri kun manta da kanwa. Ni a wake ina sawa, a kuɓewa ina sawa, a yakuwa ma don ta kashe tsami. Ita ma laifi ce?

Anti Nas (Marwa)
Goggo, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Sinadarin da ke cikin gishiri mai ɗaga jini, sodiyom, shi ne dai a cikin kanwa. Ga shi kuma tana kashe wasu bitamin na cikin abinci in an dafa da ita. Wake ki jiƙa shi tun dare, ki zubar da ruwan, zai nuna ba kanwa, kuma ba zai cika ciki da iska ba. Yakuwa ki tafasa ta ɗan lokaci ki tsiyaye ruwan farko.

Inda abin ya fi tsanani shi ne jego. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke kasawa bayan haihuwa, ƙafa ta kumbura, numfashi ya gagara, suka danganta shi da kunun kanwa da ake ɗura musu kullum tare da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon wuta. Mu ma a nan muna ganin irinsa. Kawu, ka ji ko? Wannan ma gargajiya ce.

Goggo Ta Kusiri
Haba 'yata, ni haihuwa tara na yi, duk na sha kunun kanwa, ga ni nan.

Anti Nas (Marwa)
Allah ya ƙara lafiya Goggo. Waɗanda ba su tsira ba ba sa cikin wannan zauren.

Mai Shayin Njamena
Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ina ɓoye, don na san za a zo kaina. Ga ni na kawo kaina. A teburina akwai dattijon da in ban sa masa suga har cokali ya tsaya ba sai ya ce na ba shi ruwan wanka. Ƙaramin kofi, dunƙule huɗu, kuma sau biyar a yini. Ja da safe, kore da yamma. Anti ki yi mini lissafi in ji, amma a hankali, sana'ata ce.

Anti Nas (Marwa)
Lissafin ba wuya. Dunƙulen suga ɗaya kusan giram 5 ne. Huɗu sau biyar, ashirin, giram 100 ke nan daga shayi kaɗai. Iyakar da aka ba babba mai lafiya kusan giram 50 ce a yini, an ma fi so ya tsaya a 25. Dattijonka ya ninka kafin ya taɓa kunu ko lemon kwalba. Ƙaramar kwalbar lemo mai santilita 33 tana da kusan giram 35, dunƙule bakwai, balle manyan kwalaben da ake sha a nan Kamaru.

Akwai wani abu game da shayi da ba a cika sani ba. In aka sha shi a kan abinci yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye, wanda da shi ake yin jini. Mai ciki da ke fama da ƙarancin jini ta ci wake ta kora da shayi mai kauri, ta yi asara. A bar tazarar awa ɗaya ko biyu. Abu mai tsami kuwa taimakawa yake: lemon tsami, gwaiba, tumatir ɗanye, garin 'ya'yan kuka.

Mai Shayin Njamena
Shi ke nan, an kashe ni. Daga gobe zan riƙa tambayar kowa takardar asibiti kafin in zuba.

Da gaske dai, akwai mutum biyu da na koya wa sha da citta da kanumfari da na'ana'a, suga ɗaya. Da farko zagi, yanzu sun saba. Maman Biyu ki gwada wa Baba haka, kada ki raba shi da shayin gaba ɗaya. Dattijo ba shayi ba hira.

Ɗan Kasuwa 237
Assalamu alaikum, muna da garin ganye na musamman daga ƙasar waje, yana warkar da suga da hawan jini da basir da sanyi cikin kwana 21, an gwada an tabbatar, a tuntuɓe ni ta akwatin sirri.

Mai Kula da Zaure
Na goge lambarsa. Malam, wanda ya ce yana warkar da ciwo huɗu da gari ɗaya ya nemi wani zauren. A ci gaba.

Kawu Mai Goro (Ngaundere)
Kun taru a kaina kamar na saci akuya. To zogale da zoɓon da na faɗa fa, su ma ƙarya ne? Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.

Anti Nas (Marwa)
Kawu, ban ce ƙarya ba ne. Zoɓo an yi bincike a kansa, yana ɗan sauke jini, kaɗan, in an sha ba suga. Amma wane ne ke shan folere, wato zoɓon, ba suga a Kamaru? Wanda ake ƙullawa a leda ya fi lemon kwalba zaƙi. Zogale abinci ne mai kyau ƙwarai, akwai ƙarfe, akwai sinadarin ƙashi, akwai abin da jiki ke mayarwa bitamin A. A ci ganyen, a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, a yi miya, maimakon a dafa a sha ruwan a zubar da ganye. Inda muka rabu da kai shi ne ka ce a ajiye magani. 17/10 ba ya sauka da zoɓo.

Tunda kuma ka ja ni, goron da kake sayarwa yana da kafeyin kamar kofi, yana ɗaga jini na ɗan lokaci. Baba ya rage.

Kawu Mai Goro (Ngaundere)
La'ilaha illallahu. Yanzu kuma an zo kan abincina. Mai Shayi matso mu zauna tare.

Amaryar Mokolo
Ku yi haƙuri in ɗan karkatar da zancen, na ga Anti tana nan. Yarona wata tara, tun da ya fara shan kunu yake ramewa, ga zawo yana zuwa yana tafiya. Kunun gero nake dama masa, ruwa-ruwa don ya sha a sauƙaƙe. Na so in ba shi ƙwai, uwar mijina ta ce yaron da ya ci ƙwai ɓarawo yake zama, kuma ba ya saurin magana. Ina jin nauyinta, ba na iya musu da ita.

Anti Nas (Marwa)
Ƙanwata, gobe da safe ki kai shi a auna damtsensa da igiyar nan mai launi uku. In ta nuna ja, ƙasa da santimita 11,5, tamowa ce mai tsanani, akwai abincin leda na gyaɗa da ake bayarwa don wannan. Tsakanin 11,5 da 12,5 ruwan ɗorawa ne, an fara shiga haɗari. Ki danna bayan ƙafarsa da yatsa, in wurin ya lotsa bai taso ba a ƙafafu biyu, kada ki jira gobe ma. Zawon kuma a ba shi ruwan gishiri da suga na leda da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14, kuma kada ki daina ba shi nono. Ki duba katinsa ko ya karɓi ɗigon bitamin A, daga wata shida ake farawa, duk wata shida har shekara biyar.

Matsalar kununki ita ce ruwa. Cikin yaro ɗan ƙarami ne, kin cika shi da ruwan gero, ya ƙoshi bai ci komai ba. Kunun yaro ya kamata ya yi kaurin da in kin karkata cokali ba zai zube ba.

Malamin Gona (Gidar)
A nan akwai dabarar da iyayenmu suka sani muka yar. Ki jiƙa dawa ko gero, ki shimfiɗa a buhu mai laima kwana biyu zuwa uku har ya tsiro, ki shanya ya bushe ƙarau, ki cire saiwar, ki niƙa. In kin dama kunu mai kauri kin sauke, ki zuba ɗan cokali na garin tsiron nan ki juya, sai ki ga ya saki ya yi ruwa da kansa, alhali hatsin da ke ciki bai ragu ba. Ki mayar wuta ya sake tafasa kafin ki ba shi. A garin kunun kuma ki haɗa: gero mudu uku, waken suya ko wake soyayye mudu ɗaya, gyaɗa kaɗan. Ƙananan busassun kifin nan na tafkin Maga ko na Lagdo a daka su da kai da ƙashi, a riƙa barbaɗa cokali ɗaya.

Gyaɗa dai a tsince ta da kyau. Duk ƙwayar da ta yi baƙi, ko ta motse, ko take ɗaci, a zubar, kada a ce a yi ƙuli da ita don kada a yi asara. Funfunar da ke kama gyaɗa da masara in an adana su da laima tana fitar da guba mai suna afalatoksin, wuta ba ta kashe ta, tana taruwa ta lalata hanta, har ta kai ga kansar hanta, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B. Mu da muke sayar da mai kyau mu ci tsintuwa, mu ne a gaba.

Hajiya Mai Abinci (Tashar Garwa)
Amarya, batun surukarki ki bar mini. Kada ki yi musu da ita, ba za ki ci riba ba. Ki ce wa mijinki ya raka ki awon, ya ji da kunnensa, shi ya je ya faɗa wa uwarsa cewa likita ne ya rubuta ƙwai a matsayin magani. Da an ce magani ne za ta saya da kuɗinta. Maganar sata kuwa, tsofaffi sun ƙirƙiro ta ne don a bar ƙwai kaza ta ƙyanƙyashe. Na ga ɓarayi da yawa a tashar nan, ban ji wanda ƙwai ya sa shi ba.

Wani abin da nake so a faɗa, a gidajenmu naman miya da kan kifi na maigida ne, yara da mai ciki sai romo. Shi da ya gama girma, ga tumbi, ga tansiyo. Da za a juya kwanon nan da an huta da rabin zuwa asibiti.

Goggo Ta Kusiri
Wannan kuma gaskiya ce Hajiya, ko da ɗaci. Amma ruwa fa? Zafin Kusiri a watan Afrilu, a ce jariri kada ya sha ruwa har wata shida? Tausayi fa.

Anti Nas (Marwa)
Goggo, nonon uwa fiye da kashi 80 cikin 100 ruwa ne. Uwar za a ba ruwa ta sha da yawa, ta ƙara shayarwa. Ruwan randa da ake ɗura wa jariri shi ne ke kawo zawon. Zuma ma kada a lasa wa yaron da bai shekara ba. Madarar shanu kuma, ga babba ga yaro, a tafasa kafin a sha ko a yi kindirmo, don tarin fuka na shanu da wani zazzaɓi mai naci suna bi ta ɗanyar madara. Kawu, ku mutanen Ngaundere masu kosam, wato madara, wannan taku ce.

Bakanembiya (Mao)
Ina gaishe ku daga Kanem. Kuna ta maganar abin da ake kawowa daga waje, bari in ba ku dariya. Mu a nan akwai dihe, wani kore-kore da ke tasowa a saman tafkunan kanwa. Mata ke kwasa, su zuba a kan rairayi ya tsane, ya bushe a yanka shi gutsu-gutsu, a yi miya da shi a ci da tuwon gero. Kakata ta yi wannan sana'a, 'yan birni suna mana kallon masu cin gansakuka. Ranar nan na shiga farmasi a Njamena na ga shi a kwalba, an rubuta spiruline, kuɗinsa ya fi na buhun gero ƙarami. Fiye da rabin nauyinsa in ya bushe furotin ne. Sai dai namu na gargajiya akwai yashi, sai an jiƙa an tace, yanzu wasu ƙungiyoyin mata suna tacewa da ƙyalle su shanya a kan tire.

Don haka Maman Biyu, rabu da tuffa. Me ke kasuwar Garwa yanzu?

Maman Biyu (Garwa)
Yanzu dai akwai gwaiba, kankana, lemo, tumatir ya yi araha, ga yalo da karas. Ganye kuwa ba a magana: lalo, tafasa, yakuwa, rama, alayyafo, karkashi. Mangwaro sai nan gaba. Amma an ce mai suga ba ya cin kayan itace?

Anti Nas (Marwa)
Yana ci, da ƙa'ida. Ya ci ɗan itacen da kansa, kada a matse a ba shi ruwan. Gwaiba ɗaya, lemo ɗaya, yanka ɗaya na kankana. Lokacin mangwaro ɗaya ƙarami, ba a zauna da bokiti a gindin bishiya ba. Dabino biyu ko uku. Ganye da yalo da kuɓewa kuwa ya ci iya cinsa. Abin da ake so ga kowa giram 400 ne na ganye da kayan itace a yini, kusan cikin tafi biyar.

Da safe ki cire fanke. Ki ba shi wake dafaffe, ko alala, ko ƙwai da rabin burodi, ko kunun gyaɗa mai tsamiya ba suga. Da rana in shinkafa ce, a haɗa da wake rabi da rabi, ganye a gefe. Kifi ga Binuwai a ƙofar gidanku, a gasa ko a yi miya maimakon a soya. In yana shan maganin suga kada ya tsallake abinci, sugan na iya faɗuwa, ya kama rawar jiki da gumi. In haka ta faru a ba shi dunƙulen suga uku nan take. Kafin azumi kuma ku koma wurin likita a tsara masa shan maganin.

Malamin Gona (Gidar)
Kan mai, abu biyu. Tun 2011 doka ta wajabta a sa bitamin A a man girkin da ake tacewa a masana'anta a Kamaru, garin alkama kuma a sa masa ƙarfe da zinc da wasu bitamin. Amma rana tana kashe bitamin A, mu kuwa a kasuwa man yana cikin farar roba a tsakar rana tun safe. A saya a inuwa, a ajiye a inuwa. Manja ma jan nan nasa shi ne amfaninsa, in aka ƙona shi ya yi fari yana hayaƙi an kashe shi. Ganyen da za a shanya, kuka ko zogale, shi ma a inuwa, kuma ɗan mai a miya yana taimaka wa jiki ya ɗauki bitamin ɗin. Da can yaro in yana dundumi, magariba ta yi yana laluben bango, hanta ake gasa masa, kuma daidai ne.

Gishirin da ya rage a tukunyar kuma ya zama mai aidin, sinadarin da ke hana maƙoƙo. Tun 1991 aka wajabta shi a ƙasar nan. Ina yaro a kasuwannin kan dutse sai ka ga mata da maƙoƙo kamar ƙwarya a wuya, yaran yanzu ba su san shi ba sai jefi-jefi. Wannan abin zamani ne Kawu, ka yarda ya yi rana?

Kawu Mai Goro (Ngaundere)
Na yarda da maƙoƙo, gwaggona tana da shi. Ban dai yarda cewa kun fi kakana sanin abinci ba, don duk abin da kuka lissafa, daddawa, kuka, wake, tsiro, nasa ne. Kun zagaya kun dawo gidanmu kuna mana turanci. Maganar ajiye ƙwaya na janye, tunda Anti ta ce ta ga gawa ni ban gani ba. Jiya ma na bi ta farmasi na ba da hannu aka auna. Ba zan faɗi lambar ba.

Anti Nas (Marwa)
Kawu faɗi mana.

Kawu Mai Goro (Ngaundere)
Na ce ba zan faɗa ba. An dai ce in dawo ranar Litinin.

Maman Biyu (Garwa)
Salamu alaikum, na dawo da labari bayan mako huɗu. Mun koma asibiti jiya: tansiyo 15/9, suga 1,28. Likita ya ce a ci gaba da maganin, ya ƙara rabin ƙwaya da dare, ya ce Baba ya riƙa taka ƙafa minti 30 kullum. Yanzu da ƙafa yake zuwa kasuwa bayan la'asar, yana tafe yana mita.

Magi muna kan uku. Na so in kai biyu, matar yayana ta ce in an sake ragewa za ta kafa murhunta daban, sai na tsaya a nan tukuna. Tuwon dawar da ba a surfe sosai ba yara sun ƙi shi kwana uku, a na huɗu yunwa ta yi mana sulhu. Shayi kuwa na bi shawarar Mai Shayi, citta da kanumfari, suga ɗaya. Ina ta murna Baba ya saba, sai ranar Juma'a da zan wanke babbar rigarsa na tarar da dunƙulen suga tara a aljihu, a ƙulle cikin leda. Na tambaye shi, ya ce ai Anti Nas ce ta ce a riƙa ajiyewa saboda faɗuwar suga. Ashe jikansa yana karanta masa zauren nan.

Amaryar Mokolo, ya jikin yaron? Hajiya, a ina kike sayen mbujar da ba a cika wa gishiri ba? Ta wajen babbar kasuwa da na saya shekaranjiya kamar an jiƙa ta a teku.